Cacar Haɗin Gwiwa: Daga Birnin Faris Zuwa Gaɓar Kwara

A arewacin ƙasar Benin, cikin gundumar Malanbil, akwai wani gari mai suna Tumbutu. Ba Tumbutun Mali ba ne mai tsoffin littattafai, wannan na manoman albasa da shinkafa ne, kusa da Kogin Kwara. A Malanbil ɗin ne gada ta haɗa Benin da garin Gaya na Nijar, kuma rufe ta da aka yi a 2023 bayan juyin mulkin Yamai ya taɓa aljihun kowa, tun daga ɗan dako har mai babbar mota. To, idan kasuwa ta ja baya, akwai wata shawara da kan yi farin jini a majalisar samari, a nan da ko'ina: "Mu haɗa kuɗi mu sayi tikiti da yawa, idan ɗaya ya ci mu raba." Shawarar tsohuwa ce, kuma tarihinta ya isa a duba kafin a sa hannu a aljihu.

Cacar da gwamnati ke yi wa rajista baƙuwa ce a wannan yanki. Ghana ta fara fitar da lambobi 5 cikin 90 a 1962. Dahome, wato Benin ta yau, ta kafa hukumar cacarta ta ƙasa a 1967, Nijar ma tana da tata mai suna LONANI. Daga baya aka shigo da PMU, cacar sukuwar dawaki da Faransa ta kafa a 1930, inda mutum yana zaune a Gaya ko Maraɗi zai zuba kuɗinsa a kan dokin da ke gudu a filin Vincennes, dokin da bai taɓa gani ba. A Najeriya kuwa, kamfanin Premier Lotto na Kessington Adebutu, wanda aka fi sani da Baba Ijebu, ya bazu da tsarin nan na 5 cikin 90.

Shin an taɓa samun ƙungiyar da ta ci galaba a kan masu shirya caca? An taɓa. A 1729 gwamnatin Faransa ta rasa yadda za ta farfaɗo da darajar takardun bashin birnin Faris, sai ministan kuɗi, Le Pelletier-Desforts, ya shirya caca ta wata-wata ga masu riƙe da takardun. Kuɗin tikiti kashi ɗaya ne cikin dubu na darajar takardar da mutum ke da ita, gwamnati kuma tana ƙara libar 500,000 a cikin tukunyar. Wani masanin lissafi, La Condamine, ya gano ɓarakar: tikitin mai ƙaramar takarda da na mai babba damarsu ɗaya ce wajen fitowa, kuma abin da za a ci ya fi kuɗin tikitocin gaba ɗaya. Sai ya haɗa kai da marubucin nan Voltaire da wasu masu hannu da shuni, suka riƙa saye kusan dukkan tikitocin da araha, suna kwashe tukunyar wata bayan wata. Da asiri ya tonu aka kai su gaban shari'a, amma ba a same su da karya wata doka ba. Aka rufe cacar a 1730, ministan ya rasa kujerarsa, shi kuwa Voltaire bai ƙara sanin talauci ba har ya mutu.

An maimaita irin wannan a jihar Bajiniya ta Amurka a watan Fabrairu na 1992. Cacar jihar ta zaɓen lambobi 6 ce cikin 44, wato hanyoyi 7,059,052 ke nan, kowane tikiti dala ɗaya. Da aka yi makonni ba wanda ya ci, babbar kyautar ta taru har dala miliyan 27. Stefan Mandel, ɗan asalin Romaniya da ke zaune a Ostareliya, ya tara kuɗi daga masu zuba jari kusan 2,500 da niyyar saye kowace hanya. Lokaci ya ƙure musu suna da tikiti kusan miliyan 5 kawai, amma aka yi dace lambar da ta fito tana cikinsu. Ko su ɗin ma, da wani ya ci tare da su sai an raba kyautar biyu.

Abin lura a labaran nan biyu shi ne, ba yawan mutane ne ya ci ba. Kuskuren mai shirya cacar ne ya bar kyauta ta fi kuɗin tikitoci, ƙungiyar kuma ta samar da jarin da za a saye su duka. Da zarar an gano kuskuren sai a toshe shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu auna cacar da ke gabanmu da wannan ma'auni. A tsarin 5 cikin 90, wanda ya canki lambobi biyu suka fito akan ninka masa kuɗinsa sau 240. Lambobi 90 ana iya haɗa su bibbiyu ta hanyoyi 4,005, kuma cikin lambobi biyar da za su fito, haɗi 10 ne kaɗai zai ci. A ce samarin gari guda sun yi irin ta Mandel, sun saye haɗin gaba ɗaya a kan naira 100 kowanne. Sun kashe naira 400,500. Babu shakka za su ci, har sau goma ma, amma abin da zai dawo hannunsu naira 240,000 ne. Sun yi asarar naira 160,500 a ranar da suka "ci". Haka abin yake ga mutum goma da suka haɗa kuɗin tikiti goma: damarsu ta ninku sau goma, rabon kowa ya ragu sau goma, kason kamfani kuwa bai motsa ba. A PMU lamarin ya fi fitowa fili, domin kuɗin masu zubi ne ake tarawa, hukuma ta fara cire nata, sannan a raba ragowar.

Ga kuma fitinar da haɗin gwiwar ke haifarwa. Tikiti na wanda ke riƙe da shi ne. Ranar da aka ci, sai a fara tambayar wa ya zuba a makon, wa ya ce a ranta masa, wa ya zaɓi lambar. Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, ya ambaci ƙiyayya da gaba cikin abin da caca ke jefawa tsakanin mutane, kuma raba zunubin gida goma bai mayar da shi halal ba.

Abin mamaki, Bahaushe yana da tasa dabarar ta haɗa kuɗi da ƙuri'a, wato adashi. A Benin da Nijar ana kiransa tontin da Faransanci, daga sunan Lorenzo de Tonti, wani ɗan Italiya da ya kai wa gwamnatin Faransa wata shawara a 1653. A tsarin Tonti, duk wanda ya mutu cikin masu zubi rabonsa na komawa ga waɗanda suka rage, don haka ribar kowa tana cikin mutuwar abokinsa. Sunan kawai aka ara, adashi ba haka yake ba. Mata goma a kasuwar Malanbil za su iya zuba jaka biyar-biyar ta sefa duk mako a hannun uwar adashi, a jefa ƙuri'a don a san wadda za ta fara ɗauka. Bayan mako goma kowace ta ɗauki jaka hamsin, daidai abin da ta zuba. Ƙuri'ar layi take tsarawa, ba ta zaɓen wanda zai yi asara. Haɗarinsa ɗaya ne, cin amana, shi ya sa ba a shiga adashi sai da wanda aka san gidansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne. Amma kafin samarin Tumbutu ko na Fagge su haɗa hannu, ya kamata su duba jinkar wa za su ɗauka. Jaka hamsin ta adashi tana sayen taki ko man injin ban-ruwa kafin lokacin dashen albasa. Jaka hamsin ta tikiti kuwa, kashi mai tsoka daga cikinta ya riga ya zama na kamfani tun kafin a juya ƙwallayen.