Yadda Kwafar Not ta Danne Rubutu a Darasin Soshiyal

Darasin zamantakewa, wanda mu malamai muke kira soshiyal, ba don hadda aka kawo shi Nijeriya ba. An fara gwada shi a sakandaren Aiyetoro da aka buɗe a 1963 a tsohuwar Jihar Yamma da tallafin Amurka. Taron Mombasa na 1968 da taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 suka ƙara masa ƙarfi, a Arewa kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta taimaka ƙwarai wajen shigar da shi kwalejojin horon malamai. Manufar ita ce yaro ya dubi unguwarsu, ya yi tambaya, ya rubuta abin da ya gano da kalmominsa.

Sai aka buɗe ƙofar firamare kyauta a 1976, yara suka kwararo. Lokacin da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, soshiyal ya zama dole a ƙaramar sakandare, amma azuzuwa sun cika maƙil, littattafai sun yi kaɗan. Dabarar da ta rage wa malami ita ce alli da allo: ya cika allo da not, yara su kwafa, ya bi layi yana sa hannu. Tambayoyin canki-canka suka zo suka ƙarasa aikin, tunda makinsu ba ya cinye dare. Insha'i kuwa aka ce ai na malamin Ingilishi ne.

Abin da ya biyo baya yana ci mini rai. Ɗalibin aji uku zai jero maka rassan gwamnati uku babu tuntuɓe, amma ka ce ya rubuta dalilin da ya sa bai kamata a haɗa su a hannun mutum ɗaya ba, sai biro ya tsaya. Ba rashin basira ba ne. Yana tunani da Hausa, ana neman amsa da Ingilishi, kuma ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba.

Malaman da suka riƙe manufar farko ba su jira sabuwar manhaja ba. Sukan tura yara su tambayi dattawa yadda kasuwar garinsu ta kafu, ko yadda mai unguwa ke sasanta rikicin gona. Yara su tattauna da Hausa, sannan kowa ya rubuta jimla biyar kacal: abin da ya ce, hujjarsa, da wanda ya ji daga bakinsa. Jimla biyar ana iya duba ta ko aji ya cika.

An sake manhaja sau da yawa, an cire tarihi an dawo da shi. Duk sunan da aka ba darasin, ɗan ƙasa na gari muke son fitarwa, shi kuwa dole ya iya kafa hujja a takarda.