Yadda Japan Ta Kai Yaƙi Siberiya

A cikin watan Nuwamba na 1917 'yan Kwaminis suka ƙwace mulkin Rasha, a watan Maris na 1918 kuwa suka yi sulhu da Jamus, suka fita daga Yaƙin Duniya na Farko. Ingila da Faransa suka ji tsoro kada kayan yaƙin da aka jibge a Vladivostok, babbar tashar jiragen ruwa ta gabashin Siberiya, su faɗa hannun abokan gaba. Saboda haka suka roƙi Japan ta aika da mayaƙa, tun da ita ce maƙwabciya.

Manyan Japan suka rabu biyu. Hafsoshin soja, irin su Janar Tanaka Giichi, da Ministan Harkokin Waje Motono Ichiro, suka ga dama ta samu ta kafa ikon Japan a gabashin Siberiya. Amma Hara Takashi, shugaban jam'iyyar Seiyukai, da Makino Nobuaki suka ƙi yarda a majalisar shawara, suka ce abin zai ci dukiya, ya kuma jawo fushin Amurka. Dattijon ƙasa Yamagata Aritomo, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya ba da shawara kada a motsa sai tare da Amurka. A kan wannan sharaɗi maganar ta tsaya wata da watanni.

Ana nan sai a watan Yuli Shugaba Wilson na Amurka ya nemi Amurka da Japan kowacce ta aika da soja 7,000, don a ceci mayaƙan Cek da ke faɗa da 'yan Kwaminis a kan hanyar jirgin ƙasa ta Siberiya. Nan fa hujjar masu ƙi ta rushe, gama sharaɗinsu ya cika. Gwamnatin Firayim Minista Terauchi ta amsa cewa za ta aika da 12,000, ta kuma bar ƙofar ƙari idan hali ya yi. Ran 2 ga Agusta aka yi shela.

Wannan 'yar ƙofa ita ce tushen wahala. Bisa tsarin ƙasar, hafsoshi ga Sarki suke karɓar umurni a sha'anin yaƙi, ministoci ba su da iko a kansu. Kafin ƙarshen shekara sojan Japan a Siberiya da arewacin Manchuriya sun wuce 70,000. A gida kuwa 'yan kasuwa suka ɓoye shinkafa, ta yi tsada, talakawa suka yi bore, gwamnatin Terauchi ta faɗi a watan Satumba. Hara ya gaje shi, ya gaji yaƙin da ya ƙi.

Amurka ta janye a 1920. Japan ba ta bar Vladivostok ba sai Oktoba 1922, arewacin tsibirin Sakhalin kuwa sai 1925, bayan an yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, ba ta kuwa riƙe ko taki ɗaya na ƙasar ba. Da ma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.