YAƘIN CACAR BAKA DA INUWARSA A ƘASAR HAUSA

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon ƙawancen Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat kuwa tun ranar gini da tsagarsa, domin tsoron Hitila kaɗai ya haɗa su. Ɓangare ɗaya na bin jari-hujja da zaɓen jam'iyyu barkatai, ɗayan kuma na bin gurguzu, inda jam'iyya ɗaya ke riƙe da mulki da dukiyar ƙasa.

A taron Yalta na Fabrairun 1945 an yi alkawarin zaɓe na gaskiya a Folan. Sitalin bai cika ba. Ba kare shi nake yi ba, amma ya kamata mai karatu ya san Sobiyat ta rasa rayuka kusan miliyan 27 a yaƙin, kuma ta wannan ƙofar Jamus ta shigo mata. Don haka ya ƙudura cewa kowace ƙasa da ke bakin iyakarsa sai ta zama tasa. Amurka, wadda ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima a Agustan 1945, ta ɗauki wannan a matsayin mamaya. A Maris 1946 Cocil ya yi jawabinsa na Fulton kan labulen ƙarfe da ya raba Turai biyu.

Abin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kai ba shi ne talaucin Ingila. Ta fito yaƙi da bashi har wuya. A farkon 1947 ta shaida wa Amurka cewa ba ta iya ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya, sai Shugaba Turuman ya nemi dala miliyan 400 don ya gaje ta, daga nan kuma Shirin Mashal ya biyo baya. Wannan talaucin dai shi ya sa Ingila ta ƙara jingina da ƙasashen da take mallaka. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa ta Nijeriya, wadda ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuɗin kuma a ajiye ta a Landan. Manomin ƙasar Dutse, wadda a lokacin gunduma ce ƙarƙashin Kano, bai taɓa jin sunan Balin ba, amma buhunsa na cikin dalar gyaɗar da ke rage wa Ingila nauyi.

Rigimar Balin ta 1948 zuwa 1949, da kafa NATO, da bam ɗin Sobiyat, da nasarar Mao a Sin, duk sun zo cikin shekara biyu. A Yunin 1950 wuta ta kama a Koriya.

Mako shida bayan haka, ranar 8 ga Agusta 1950, aka kafa NEPU a Kano. Sanarwarta ta Sawaba ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kuma a kunnen Bature na wancan zamani wannan harshen Mosko ne. A ganina zargin ya yi wa abokan hamayya daɗi ne kawai. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, hujjojinsa daga Alƙur'ani da littattafan Shehu da Abdullahi yake ɗauko su, kukan magoya bayansa kuwa haraji ne da jangali da aikin tilas. Sai dai laƙaba wa mutum gurguzu hanya ce mai sauƙi ta ce masa marar addini.

A Nijar abin ya fi muni. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce "a'a" ga Faransa a ƙuri'ar 1958, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959. Matasanta suka tafi Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa koyon yaƙi, suka dawo da makamai a 1964, gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su, har aka harbe wasu a bainar jama'a.

Hatta harshenmu sai da ya zama fagen fama. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Sin ta bi sahu a 1963, Mosko ma tana da nata. A 1961 kuwa Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a wajen birnin Kano, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a Fabrairun 1962.