Sinawa da Masaƙar Gusau

Tun zamanin Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, ƙasar nan ta noma ce. Amma garin bai zama matattarar baƙi ba sai da reluwe ya ratsa shi zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga nan manoman Bunguɗu da Tsafe suka riƙa kawo auduga a gurje ta a Gusau, a ɗaure, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku. Yarbawa da Ibo da Kwarori suka zo ciniki. Sinawa ne suka zo daga baya.

Ga dalilin zuwansu. Cikin 1949 mulki ya sake a ƙasar Sin, masu masaƙu da yawa suka yi ƙaura zuwa Hong Kong, wadda a lokacin take hannun Ingila. Da Nijeriya ta sami mulkin kai, sai ta tsananta kuɗin fito a kan tufafin waje, domin a riƙa saƙa a gida. Wani attajirinsu, Cha Chi-ming, ya lura cewa ga auduga, ga masu saye, saboda haka ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna cikin 1964. Daga baya masaƙar Zamfara ta Gusau ta shiga hannun kamfanin nan nasa.

Sinawan ba su da yawa. Galibinsu manajoji ne da masanan inji, aikin saƙa kuwa 'yan ƙasa ke yi. Ɗan manomi ya koyi tayar da inji, ya san albashin wata. Audugar da uba ya noma, ɗa ya saƙa ta.

To, sannu a hankali al'amari ya juya. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, man inji ya yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da atamfa mai araha. Abin mamaki, yawancinta daga ƙasar Sin ɗin ake saƙo ta. Masaƙar Gusau ta tsaya. Ta Kaduna aka rufe ta cikin 2007, shekarar da Cha ya mutu.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Sinawa sun tashi, ma'aikata suka watse, manomi ya rasa babban mai sayen audugarsa. Sana'ar da baƙo ya kawo ba ta zama ta gari sai 'yan gari sun iya riƙe ta bayan tafiyarsa.