Ilmin Nasaba

Ilmin nasaba shi ne sanin salsalar mutum: iyayensa, kakanninsa da rassan danginsa. Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi fice a wannan fanni cikin Ƙuraishawa. Daga baya malamai suka rubuta shi, kamar Ibnul Kalbi da Ibnu Hazmin Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 Hijira.

Hukunce-hukunce da dama sun rataya a kansa: rabon gado, waliccin aure, sanin muharramai da sada zumunci. Suratul Hujurati, aya ta 13, ta nuna an yi ƙabilu ne don sanin juna, fifiko kuwa na taƙawa ne.

Mu mazauna zango, da yawanmu jikokin fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja. Yau yaro kan ce asalinsa Kano, amma bai san unguwa ko sunan kakan kakansa ba. Mu zauna da tsofaffi tun suna raye, mu rubuta sunaye, garuruwa da wadda ta shayar da kowa, domin shayarwa ma tana hana aure. Sannan mu raba wa dangi kwafi.

Allah Ya sa mu dace.