Tangarɗar Magana Bayan Jinyar Sankarar Baki

Tangarɗar magana matsala ce da kan biyo bayan tiyata ko gashi da na'ura da ake yi wa mai sankarar harshe, leɓe, ganɗa ko muƙamuƙi. Tiyatar harshe ta fi barin tabo a furuci. Idan aka yanke tsininsa, sautukan t, d, s da r kan dagule. In tushensa aka taɓa, k da g ne ke gagara. Ɓula ganɗa kan sa iska ta tsere, magana ta riƙa fita ta hanci, sai an toshe kafar da roba ta musamman. Gashi kuwa yakan ƙafar da yawu, ya sandarar da muƙamuƙi. Ƙwararrun gyaran furuci kan taimaka da atisaye, galibi na tsawon watanni.