Rumbun bayanan kuɗin gwamnati: mene ne shi, kuma me mutumin Tahoua ke iya gani?

Rumbun bayanan kuɗin gwamnati shafi ne na intanet inda hukuma ke zuba lissafin abin da ya shiga baitulmali da abin da ya fita, ta yadda kowa zai iya buɗewa ya bincika ba tare da ya roƙi kowa ba. Ya bambanta da littafin kasafin kuɗi. Kasafi yana faɗin abin da aka yi niyyar kashewa a shekara, shi kuwa rumbun yana nuna abin da aka biya, da ranar biya, da sunan wanda ya karɓa. Idan kasafin wata komin ya ce za a gina aji uku, rumbun ne zai nuna ko an biya ɗan kwangila, da nawa aka ba shi.

Inda aka gwada

Ƙasar Brazil ta buɗe nata tun 2004. A Amurka, jihar Ohio ta buɗe wani a watan Disamban 2014, daga baya ta gayyaci ƙananan hukumomi da makarantu su zuba nasu lissafin a ciki. Kusa da mu, gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shafin baitulmalinta a Disamban 2019, tare da umarnin kowace ma'aikata ta wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Ƙungiyoyin farar hula irin su BudgIT sun riƙa kwashe alƙaluman suna tambayar inda ayyukan suke. Wannan bai hana ɓarna a can ba, amma mai tambaya ya samu takardar da zai riƙe a hannu.

Abin da dokokin Nijar suka tanada

A kan takarda Nijar ba ta baya. Dokar 23 ga Fabrairun 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ƴancin neman bayanai da takardun hukuma. Dokar 16 ga Afrilun 2014 ta shigar da ƙa'idar ƙasashen UEMOA kan tafiyar da dukiyar jama'a a fili, kuma ma'aikatar kuɗi ta riƙa fitar da taƙaitaccen kasafi da ake kira kasafin ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 2010, a aya ta 150, ya ce a wallafa kwangilolin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. An jingine wannan tsarin mulki bayan 26 ga Yulin 2023.

Tun daga lokacin abubuwa sun sauya ta fuska biyu. Hukumar COLDEFF ta maye gurbin HALCIA wajen farautar waɗanda suka ci dukiyar ƙasa, kuma asusun FSSP na tallafa wa ƙasa yana sanar da sunayen masu ba da gudummawa da adadin abin da suka bayar. A ɗaya ɓangaren, wata doka ta Fabrairun 2024 ta fitar da sayayyar jami'an tsaro daga ƙa'idojin kwangila na yau da kullum. Masu sukar dokar sun tuna da binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020, wanda ya yi maganar asarar sefa miliyar 76.

Lissafin komin

Ga mutumin Adar, maganar ta fi zafi a matakin komin. Jihar Tahoua tana da gundumomi 12 da komin 44, birnin Tahoua kansa ya kasu biyu. Kuɗinsu na fitowa daga lanhon da hakimai da masu unguwanni ke tarawa, da tikitin kasuwa da na tasha, da harajin dabbobin da aka sayar a kara, da kuɗin filaye, sai tallafin gwamnati da ke bi ta hukumar ANFICT, da na abokan hulɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tahoua ranar Lahadi, ko a karar Abalak bayan damina, ya san ba ƙaramin kuɗi ke juyawa ba.

Doka ta raba aikin gida biyu. Shugaban komin ne ke ba da umarnin a biya, amma ba ya taɓa kuɗin. Mai riƙe da asusu, wanda ake kira resaba, shi ke karɓa shi ke biya. A ƙarshen shekara kowannensu na fitar da nasa lissafin, kuma dole su yi daidai da juna. Ke nan bayanan da rumbu ke buƙata suna nan a rubuce, komin bayan komin. Suna cikin kabad ne, da Faransanci, cikin jadawalin da ko wanda ya yi boko sai ya yi da gaske kafin ya gane.

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010 ta buɗe zaman majalisar komin ga jama'a, ta kuma ba mazauna damar neman ganin kasafi da lissafi. A Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi. A ganin wannan marubuci, hakan ya ƙara wa wallafa lissafi muhimmanci: da can ko ba komi akwai ɗan majalisar adawa da zai ɗaga hannu ya yi tambaya a zaure, yanzu wannan aikin ya dawo kan talaka da ɗan jarida.

Abin da rumbu ba ya iyawa

Rumbu yana nuna abin da ya shiga asusu ne kawai. Idan mai yankan tikiti ya karɓi kuɗin awaki goma ya yanke tikiti shida, kwamfuta shida za ta gani. Don haka sai an haɗa da tikiti mai lamba, da mai saye da mai sayarwa da ke dagewa sai an ba su shaidar biya. Haka kuma lissafin da aka zuba bayan shekara biyu ya zama tarihi, ɗan kwangilar ya daɗe da tafiya.

Sai batun isa ga mutane. A arewacin jiha, wajen Tillia da Tassara, wuta da layin waya ba kullum ba ne, kuma mafi yawan masu biyan lanho ba sa karanta Faransanci. Shafin da zai yi amfani a nan shi ne wanda ke buɗewa a ƙaramar waya, wanda gidajen rediyon karkara za su iya karantawa da Hausa da Tamajak da Fulatanci, kuma a manna kwafinsa a bangon ma'aikatar magajin gari.

Masu karatu kam akwai su. Ƴan bidar Adar da ke Abijan, Legas ko Libiya sun saba haɗa kuɗi su gina aji ko su gyara rijiya a garinsu, kuma ma'ajinsu yakan karanta lissafi dala bayan dala a WhatsApp. Su ne za su fara buɗe shafin komin ɗinsu, daga inda suke.

Kafin nan, mai son sani na iya rubuta takarda zuwa ga sakatare janar na komin, ya ambaci dokar 2011, ya faɗi shekarar da yake nufi. Ya nemi abu biyu tare, kasafin shekarar da lissafin abin da aka kashe a cikinta, ya kuma riƙe kwafin takardarsa mai hatimi da kwanan wata.